Ina son in gina aikin jami'a a kan binciken lafiyar ƙwaƙwalwar matasa, ta ina ake farawa?

Ummu_Nana:

Assalamu alaikum malamaina. Ina da digirin farko a fannin jinya, kuma burina in zama malamar jami'a mai bincike a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara masu tasowa, 'yan shekara 10 zuwa 19, musamman ɓangaren inganta lafiya tun kafin cuta ta kama. Tambayoyina uku ne. Shin dole sai mutum ya zama likitan ƙwaƙwalwa kafin a saurare shi a wannan fage? Wane digiri na biyu ya fi dacewa? Sai kuma abin da nake shirin gabatarwa a matsayin aikin kundina: in raba takardar tambayoyi ta PHQ-9 ga ɗalibai 400 a makarantun sakandare biyu don in gano kashi nawa ne ke da ciwon damuwa, sai in yi wa makaranta ɗaya laccar wayar da kai ta mako huɗu in bar ɗayar, sannan in sake aunawa in ga ko an samu sauƙi. Don Allah idan da gyara a faɗa mini. Gara in ji yanzu da in ji a gaban kwamitin jarrabawa.

Dakta_Lafiyar_Al'umma:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya cika miki buri. Ba dole ba ne. Masu wannan aiki sun fito daga lafiyar al'umma, ilimin halayyar ɗan'adam, jinya, koyarwa, nazarin zamantakewa da ƙididdiga, kuma babban bincike ba ya tafiya sai an haɗa da dama daga cikinsu. Wurin da likita ko masanin halayya na asibiti ya zama dole guda biyu ne: tabbatar da cuta, da karɓar yaron da aka samu cikin haɗari. Shi kuwa a tawaga ake nemansa, ba sai ke kin zama shi ba.

Fagen ya cancanci a ba shi rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Wani babban nazari da Marco Solmi da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, wanda ya tattara bincike daga sassan duniya, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan lalurori suna farawa kafin shekara 14, kusan rabi kuma kafin 18. Ke nan da yawa daga abin da likitan manya yake gani a asibiti ya tsiro ne tun mai shi yana zaune a aji.

Amma ki fara rarrabe abubuwa uku da ɗalibai ke yawan cakuɗawa a babi na ɗaya. Magani na wanda ya riga ya kamu ne. Riga-kafi yana neman rage sababbin masu kamuwa, shi ma kashi uku ne: wanda ake yi wa kowa a aji, wanda ake yi wa rukunin da haɗari ya fi kusanta kamar marayu ko yaran da rikici ya raba da gidajensu, da wanda ake yi wa masu alamun farko da ba su kai matsayin cuta ba. Inganta lafiya kuwa ya fi waɗannan faɗi. Ki karanta Yarjejeniyar Ottawa ta 1986, wadda ta fito daga taron duniya na farko kan wannan batu a Kanada. 'Yan shafuka ce. Ta shata fagage biyar: manufofin hukuma masu kare lafiya, muhalli mai tallafawa, ƙarfafa hannun al'umma, koyar da dabarun rayuwa, da sauya alƙiblar ayyukan kiwon lafiya. Laccar wayar da kai gefen ɗaya kawai take taɓawa daga cikin biyar ɗin.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan abin da za ki auna. Corey Keyes ya nuna tun 2002 cewa rashin cuta daban, walwala daban. Yarinya na iya samun maki 3 a PHQ-9, ba ta da alamar ciwo, amma ba ta da ƙawa ko ɗaya, ba ta jin makarantar tata ce, ba ta hango kanta a ko'ina nan da shekara biyar. Idan inganta lafiya kike yi, dole ma'auninki ya iya ganin wannan yarinyar. Cikin ma'aunan walwala akwai WHO-5 mai tambayoyi biyar, akwai WEMWBS mai 14 da gajerensa mai bakwai, akwai kuma ma'aunan yanayin makaranta da na cin zali.

Batun digiri na biyu, kada sunan kwas ya ja ki. Buɗe jerin darussan ki duba: akwai ilimin bazuwar cututtuka? Ƙididdigar ta kai matakin da ake koyar da nazarin bayanai masu hawa-hawa, ɗalibi cikin aji, aji cikin makaranta? Akwai dabarun hira da nazarinta? Akwai darasin gina ma'auni da gwada shi? Digirin lafiyar al'umma mai ƙarfi a waɗannan ya fi wanda aka rubuta “lafiyar ƙwaƙwalwa” a goshinsa amma babu su. Haka malamin da zai duba aikinki: nemo abin da ya wallafa a shekara biyar da suka wuce, ki ga ko ɗalibansa suna fitowa a sunan farko, ki tambayi biyu daga cikinsu kwana nawa yake ɗauka kafin ya mayar da babi.

Tsanin da aka saba hawa shi ne digiri na biyu, sai shekara ɗaya ko biyu a matsayin mai taimakon bincike a wani babban aiki, sai digirin digirgir na shekara uku zuwa biyar, sai aikin bincike na wucin gadi a ƙarƙashin wani babba ko lakcarin kai tsaye. Mutane da yawa suna tsallake matakin mai taimakon bincike saboda suna ganin ɓata lokaci ne. A nan ne kuwa ake koyon cika takardun kwamitin ɗa'a, horar da masu tattara bayanai, tsaftace alƙaluma da tsara kasafi, abubuwan da babu lacca a kansu.

Mai_Alƙaluma:

Malama sannu da ƙoƙari. Zan tsaya a kan tambaya ta uku, domin a yadda aka tsara aikin, ba zai amsa ko ɗaya daga cikin abubuwa biyun da kike nema ba.

PHQ-9 rariya ce. Tambayoyi tara, kowacce maki 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma an saba ɗaukar 10 a matsayin iyaka. Wanda ya kai 10, abin da ake nufi shi ne ya kamata a duba shi. Ga lissafi na misali. A ce cikin ɗalibai 1,000, mutum 50 ne ke da ciwon da gaske. A ce ma'aunin yana kama 90 cikin 100 na masu ciwon, yana kuma wanke 80 cikin 100 na masu lafiya. Zai kama 45 daga 50 ɗin, sannan ya kwaso 190 daga cikin 950 da lafiyarsu ƙalau. Sun zama 235. Sai ki rubuta cewa kusan kashi 24 cikin ɗari suna da ciwon damuwa, alhali kashi 5 ne. Mafita biyu ce. Ko dai ki rubuta “masu alamun damuwa da suka haura iyaka” a ko'ina cikin kundin, har da take, ko kuma ki yi mataki biyu: duk wanda ya haura iyaka, da wani kaso da aka zaɓa ta ƙuri'a daga waɗanda ba su haura ba, ƙwararre ya yi musu tsararriyar hira irin K-SADS ko MINI-KID ba tare da ya san makinsu ba.

Matsala ta biyu ta fi girma. Makaranta kika raba, ba ɗalibi ba, don haka a idon ƙididdiga abu biyu kawai gare ki. Duk bambancin da ya fito, ba za ki iya raba shi da cewa wannan makarantar ta samu sabon shugaba, ko waccan tana da malami mai duka, ko jarrabawarsu ta gabaci ta ɗayar da mako guda ba. Yaran makaranta ɗaya suna kama da juna, kuma akwai lissafin wannan: ki cire ɗaya daga yawan ɗaliban kowace makaranta, ki ninka da ma'aunin kamanceceniya, ki ƙara ɗaya. Ma'aunin kamanceceniyar ƙarami ne a irin waɗannan sakamako, mu ce 0.03. Da ɗalibai 200 a kowace makaranta, 199 sau 0.03 a ƙara ɗaya ya ba da 6.97. Raba 400 da wannan, za ki ga nauyin ɗalibanki bai wuce na mutum 57 ba.

To nawa ake buƙata? Shirye-shiryen da ake yi wa aji gaba ɗaya, idan sun yi tasiri, tasirin ƙarami ne. Don gano ƙaramin bambanci, mai girman 0.2 a ma'aunin girman tasiri, da ƙarfin kashi 80, wato damar gano shi idan yana nan, ana buƙatar kimanin mutum 394 a kowane ɓangare, wato 788, idan da ɗaiɗaiku ake rabawa. Da ɗalibai 100 a kowace makaranta, ninkin ya zama 3.97, jimilla kimanin 3,130, wato makarantu 32. Idan kina tsammanin ɗaya cikin biyar zai ɓace kafin awon ƙarshe, sai ki ɗauki 125 a kowace. Ki lura, ƙara makarantu shi ke ƙara ƙarfi. Cusa ƙarin ɗalibai a makarantu biyun nan ba zai tsinana komai ba.

Na uku, waɗanda suka samu maki mai yawa a awon farko, da yawansu za su sauko da kansu a na biyu ko ba a yi musu komai ba, domin wasu an same su ne a mummunan mako. Wanda ya zaɓi masu maki mai yawa, ya yi musu shiri, ya sake aunawa ba tare da rukunin kwatance ba, kusan kullum zai ga “nasara”.

Ga abin da ya dace da ƙarfin digiri na biyu, kuma ake matuƙar buƙata: gwada ingancin ma'auni a harshe da rukunin da za a yi aiki da su. Mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, a daidaita fassarorin, wani na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita harshen farko, kwamitin ƙwararru ya duba inda aka saɓa. Sai matakin da aka fi tsallakewa: ki zauna da yara 10 zuwa 15 ɗaya bayan ɗaya, ki karanta tambaya, ki ce “faɗa mini da bakinka me aka tambaye ka”. A nan asiri ke tonuwa. Ɗauki kalmar “damuwa” kanta. Wani yaron zai fahimce ta da baƙin ciki, wani da zullumin abin da zai zo, wani kuma da cewa ƙaninsa ya dame shi da surutu. Idan kalma ɗaya ta ɗauki tambayar ƙunci da tambayar fargaba duka, alƙalumanki za su nuna abu ɗaya ne, kuma laifin fassara ne. Haka tambayar rashin cin abinci: yaron da babu abincin a gidansu zai amsa “kusan kullum”.

Bayan gyara, ki gwada a kan mutum 300 ko fiye, ki sake wa wani kaso bayan mako biyu, ki duba ko tambayoyin sun taru yadda aka gina su, kuma ko suna aiki iri ɗaya ga maza da mata. Idan ba a tabbatar da na ƙarshen nan ba, cewa 'yan mata sun fi samari maki ba ta da tushe. Alfa na Cronbach shi kaɗai ba hujjar inganci ba ce, daidaiton tambayoyin da juna kawai yake nunawa. Ki kuma duba izini tun da wuri: PHQ-9 a sake yake, amma SDQ, ma'aunin ɗabi'u da matsalolin yara na Robert Goodman mai tambayoyi 25, ba a yarda a sauya shi ko a fassara shi ba sai da amincewar masu shi.

Hanya ta biyu ita ce bayanan da aka riga aka tattara. Binciken GSHS na Hukumar Lafiya ta Duniya kan lafiyar ɗalibai, wanda ake yi a makarantu tun 2003, bayanansa a buɗe suke. Young Lives ya bi yara kimanin 12,000 a Habasha, Indiya, Peru da Biyetnam tun 2002. Ki koyi manhajar ƙididdiga ta R ko Stata, ki ajiye kowane mataki a rubuce yadda wani zai sake gudanar da shi ya samu abin da kika samu.

Hajiya_Mai_Ɗa'a:

'Yata, kafin lissafi akwai tambaya ta tara a PHQ-9. Ita ce mai tambayar ko yaro ya yi tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. Cikin ɗalibai 400 za a samu waɗanda za su ce e. Me za ki yi kafin a tashi daga makaranta a ranar? Idan babu amsar wannan a rubuce, babu kwamitin ɗa'a na ƙwarai da zai sa hannu, kuma bai kamata ya sa ba.

Tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin. Madelyn Gould da tawagarta sun gwada haka a makarantun jihar New York ta Amurka, aka wallafa a 2005, ba a ga ƙarin damuwa ko ƙarin tunanin kashe kai ga waɗanda aka tambaya ba. Haɗarin yana ga tambaya sannan a tattara takardu a kulle su a ofis sai bayan wata uku.

Tsarin da ake bi ke nan. Kowace takarda lamba take ɗauka, ba suna ba, kuma jerin da ya haɗa lamba da suna yana hannun mutum ɗaya a kulle. Da an karɓi takardun, mutum biyu su duba tambaya ta tara a nan take. Duk wanda ya amsa sama da sifili, ƙwararre ya gan shi a keɓe a ranar. Kada a shiga aji a kira sunansa shi kaɗai, kafin la'asar duk makarantar ta sani. A kira yara da dama, har da waɗanda ba su da komai, a ce duba takarda za a yi. Wurin da za a tura yaro kuma ki je da ƙafarki tun kafin a fara, ki san sunan wanda zai karɓe shi, ranakun da yake zama, da wanda zai raka yaron, sannan a bibiya bayan mako ɗaya ko biyu. Idan kika zaɓi takarda marar suna ko lamba kwata-kwata, kin yarda ba za ki iya gano kowa ba, don haka kowane yaro ya tafi da katin inda zai nemi taimako. Inda babu wurin turawa ko kaɗan, a fara samar da shi kafin a yi tambayar.

Iyakar sirri a faɗe ta tun farko da kalmomin da ɗan shekara 12 zai gane: “Abin da ka rubuta malamanka ba za su gani ba, iyayenka ma haka. Sai dai idan mun ga rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari, to za mu yi magana da kai tukuna, sannan mu nemo babban da zai taimaka.” Ki tanadi abin yi idan yaro ya bayyana cewa ana cin zarafinsa, musamman idan mai yin a gidan yake, domin a nan sanar da iyaye na iya zama cutarwar kanta. Dokar kare yara ta ƙasar da ake aikin ita za ki bi, ki karanta ta da kanki.

Amincewa hawa biyu ce: ta iyaye ko mai riƙo, da yardar yaron shi kansa. Izinin shugaban makaranta ba ya maye gurbin ko ɗaya. Idan uba ya sa hannu yaro ya ce ba ya so, maganar yaron ake bi. Waɗanda suka ƙi, a ba su wani aikin rubutu su yi a kujerunsu don kada a gane su.

Ranar cikawa kuma ki lura da ɗakin. Yara uku a benci ɗaya, malami yana zagayawa da hannu a baya yana leƙa takardu, yarinya ta kife tafin hannunta a kan amsarta, ta ɗago ta dubi ta kusa da ita, ta goge, ta zaɓi “ko kaɗan”. Wannan takardar za ta shiga kwamfuta kamar kowace, ba mai sanin abin da aka goge. Malamai su fita, a raba zama, kowa ya sa takardarsa a ambulan ya liƙe da kansa. Masu tattara bayanan su ma a riƙa zama da su duk ƙarshen mako, domin sauraron irin waɗannan labarai yana da nauyi.

Farfesa_AB:

Na yarda da lissafin Mai Alƙaluma, amma ba na so Malama ta fahimci cewa ta nisanci shirye-shiryen makaranta sai ta samu makarantu 32. Makarantu biyun nan suna da amfani idan aka sauya tambayar daga “shin yana aiki?” zuwa “shin zai yiwu?”. Takardun amincewa nawa suka dawo daga gida? Yara nawa suka halarci zama uku cikin huɗu? Mai gabatarwa ya bi abin da aka tsara ko ya taƙaita? Minti nawa cika takarda ya ci, wace tambaya aka fi tsallakewa? Ki rubuta mizanin ci gaba kafin a fara, misali halartar kashi 70, kuma kada ki yi iƙirarin tasiri. Wannan mataki ne sananne a tsarin Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya na gina shirye-shirye masu sarƙaƙiya, wanda aka sabunta a 2021, kuma irin wannan sakamakon ne masu ba da tallafi ke nema kafin su saki kuɗin babban gwaji.

Sai dai ki sake tunani a kan laccar ita kanta, domin kyakkyawar niyya ta sha faɗuwa a wannan fage. Gwajin MYRIAD a Birtaniya ya ɗauki makarantu fiye da 80 da ɗalibai fiye da 8,000, aka koya musu darussan natsuwa da lura da tunani. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi darussan da aka saba ba, yawancin yaran ba su yi atisayen a gida ba, kuma akwai alamar cewa waɗanda dama ke cikin haɗari ba su ji daɗinsa ba. Ki kwatanta da SEHER a jihar Bihar ta Indiya, makarantu fiye da 70, aka wallafa a 2018. Shi yanayin makarantar gaba ɗaya ya nufa: kwamitin da ɗalibai ke ciki, akwatin kai ƙorafi, mujallar bango, ƙungiyoyin tsara, dokar hana cin zali. Inda aka ɗauki mai ba da shawara na musamman ya gudanar, yanayin makaranta ya gyaru, cin zali da alamun damuwa suka ragu. Inda aka ɗora wa malamin makarantar wannan aikin a kan nasa, ba a ga canji ba. Shiri ɗaya ne, hannun da ya riƙe shi ne ya bambanta. Saboda haka bayanin wa ya gabatar, horon kwana nawa ya samu, wa ke duba shi, ba ƙarin bayani ba ne, shi ne binciken. Jerin TIDieR mai abubuwa 12 zai taimaka miki ki rubuta shi cikakke.

Lokacin sake awo ma abin dubawa ne. A gwajin SEYLE na ƙasashen Turai 10, makarantu 168, ɗalibai kimanin 11,000, shirin YAM na awa biyar, wanda yawancinsa wasan kwaikwayo ne da yaran ke yi da kansu, bai nuna bambanci a wata uku ba, amma a wata 12 yunƙurin kashe kai ya ragu da kusan rabi. Wanda ya auna a mako huɗu ya tattara kayansa, me zai gani?

Ki kafa ƙaramin kwamitin matasa takwas zuwa goma tun ranar farko, su duba tambayoyi da tsarin zama. Su ne za su gaya miki cewa ba wanda zai buɗe baki idan aka haɗa 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida.

Game da gina suna a jami'a: maƙala biyar a kan tambaya ɗaya, kowace tana ɗorawa a kan ta baya, sun fi goma sha biyar a warwatse. Ki yi rajistar tsarin aikinki kafin tattara bayanai, PROSPERO idan bitar bincike ce, ISRCTN ko makamancinsa idan gwaji ne. A rubuta wa zai zo a suna na farko da na ƙarshe tun kafin a fara rubutu, bisa sharuɗɗa huɗu na ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, domin rigimar suna ta raba tawagogi da yawa. Mujallar da ta aiko miki da saƙon yabo tana alƙawarin bugawa cikin mako guda, ki guje ta, ki duba sunanta a jerin mujallun da aka tantance, irin DOAJ ko Scopus. Mujallu na gaskiya da yawa suna yafe kuɗin bugawa ga marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai an nema lokacin miƙa maƙalar. Sakamakon da ya nuna shiri bai yi aiki ba shi ma a wallafa shi. Tallafi kuma daga ƙanana ake farawa, na jami'a da na halartar taro, kafin a kai ga irin su Wellcome, Fogarty, Grand Challenges Canada ko Gidauniyar Jacobs. Wellcome da NIMH, cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka, sun amince tun 2020 a kan ma'aunan bai ɗaya, kuma na yara a cikinsu shi ne RCADS, ma'aunin alamun fargaba da ƙunci mai tambayoyi 25, don haka sanin sa zai yi miki amfani. Idan kika samu lakcarin, koyarwa da duba jarrabawa za su cinye makon gaba ɗaya sai kin ware safiya biyu da ba a taɓawa.

Ummu_Nana:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na janye tsarin farko. Wata 12 gare ni na aikin kundi. Tsakanin gwada ingancin ma'auni da gwajin yiwuwa da Farfesa ya kawo, wanne zan iya gamawa a wannan lokaci?

Mai_Alƙaluma:

Gwada ma'auni, kuma ina jin Farfesa ba zai ƙi ba, tunda gwajin yiwuwa ma yana buƙatar ma'aunin da aka amince da shi, ga shi sai an fara gina shirin tare da matasan, wanda shi kaɗai zai ci rabin shekararki. Ki bar shi ya zama babi na farko a digirin digirgir.

Ki ɗauki biyu: ɗaya na alamu kamar RCADS mai 25, ɗaya na walwala kamar WHO-5. Wata na 1 da na 2, bitar abin da aka riga aka yi, neman izinin masu ma'aunin, da rubuta tsari. Ki miƙa wa kwamitin ɗa'a da hukumar ilimi a ƙarshen wata na 2, ki ware musu wata uku, domin ba kasafai ake wucewa a zagayen farko ba. Fassara da zaman ƙwararru ba sa buƙatar yara, sai ki yi su a lokacin jira, tare da shirya hanyar turawa da Hajiya ta bayyana. Wata na 6, hira da yara zagaye biyu da gyara. Wata na 7 da na 8, babban awo a makarantu shida zuwa takwas, ɗalibai 50 zuwa 60 a kowace, ajin da aka zaɓa ta ƙuri'a, ba wanda shugaban makaranta ya nuna miki ba. Ki ɗora wannan a kan kalandar makaranta tun yanzu: kauce wa mako biyun farko na zango, makon jarrabawa da na kusa da hutu, kuma sake awon mako biyu ya faɗo cikin zango ɗaya. Idan takarda za a yi amfani da ita, mutum biyu su shigar da bayanan kowa daban a kwatanta. Idan na'ura ce, manhajojin tattara bayanai irin KoboToolbox ko REDCap sun isa. Wata na 9 da na 10 nazari, na 11 da na 12 rubutu. Babin hanyoyin bincike ki rubuta shi yayin da kike aikin, lokacin da kike tune da dalilin da ya sa aka sauya kalma a tambaya ta bakwai.